Ƙara wa Tsohuwar Motar Daji Ƙarfin Caji

Altaneta ita ce na'urar da ke samar da wutar lantarki a cikin mota muddin inji yana aiki. Babban aikin batir guda ne, wato ya juya kik har inji ya tashi. Da zarar ya tashi, duk abin da ke cin wuta a jikin motar, daga fitilu da waifa har iyakwandishan da rediyo, ya koma wuyan altaneta, kuma ita ce za ta mayar wa batir abin da kik ya kwasa. Idan abin da take bayarwa bai kai abin da ake ja ba, sai a riƙa cike giɓin daga batir a hankali, ba tare da direba ya sani ba, har ranar da za a wayi gari a murɗa makulli mota ta ƙi tashi.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Fambel yana ɗauko juyi daga fulin inji ya juya wani dunƙulen ƙarfe da ke tsakiyarta. An naɗa wa dunƙulen waya, kuma ana ba shi 'yar wuta kaɗan ta cikin burushi biyu na kabon, sai ya zama maganaɗisu. Juyawar maganaɗisun nan a tsakiyar kwayil mai naɗi uku ita ke haifar da wuta. Wutar da ke fitowa mai kai da komo ce, irin ta gida, batir kuwa ba ya karɓar irinta, don haka sai ta bi ta cikin dayod, galibi guda 6, su miƙar da ita hanya ɗaya. Sai kuma regileta, wadda ke ƙara ko rage 'yar wutar da ake ba maganaɗisun, domin ƙarfin caji ya tsaya tsakanin volt 13.8 da 14.4 a motar da ke aiki da volt 12. Lafiyayyen batir da ya cika ya huta yana nuna kamar volt 12.6. Ɗan bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma shi ke tura wuta cikin batir.

Kafin altaneta, dainamo ake sa wa motoci. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara fitar da motar kasuwa ɗauke da altaneta daga masana'anta, ƙirar Valiant, a 1960, sauran kamfanoni suka biyo baya cikin shekarun da suka biyo. Land Rover ta daɗe a kan dainamon Lucas mai ba da amfiya 22 kacal, wanda kusan ba ya caji idan inji yana silo. Sai a ƙirar Series III, wadda aka fara a 1971, altaneta ta zama abin da kowace ke fitowa da shi, ita ma ɗin amfiya 34 ce. Motocin Jafan da suka mamaye hanyoyin Arewa daga baya, irin su Land Cruiser ƙirar 40 da aka yi daga 1960 zuwa 1984, da ƙirar 60 ta shekarun 1980, da ƙirar 70 da aka fara a 1984, da tsofaffin Hilux da Pajero da Nissan Patrol, yawancinsu sun fito da altaneta mai amfiya 40 zuwa 60, na baya-bayan cikinsu suka ɗan haura haka. Wannan ba rowa ba ce daga masu ƙira. A zamanin, abin da motar daji ke buƙata bai wuce fitilu biyu da waifa da ham da ɗan rediyo ba.

Motocin nan har yau suna kan hanya, amma aikin da ake ɗora musu ya sauya. A garejojin Kano da ke Darmanawa da Gyadi-Gyadi da Tarauni, da waɗanda ke bakin titin Zariya har zuwa Unguwa Uku, ba a rasa tsohuwar Hilux ko Land Cruiser da aka buɗe wa bonet. Wata ta manomi ce da ke zirga-zirga zuwa gonakin rani na Kura da Kadawa da Bunkure. Wata ta masu haƙar burtsatse ce. Wata tana shiga ƙauyukan Doguwa da Riruwai ta gefen dajin Falgore, inda damina ke cinye hanya. Akwai ta masu tallan maganin gargajiya da ta 'yan siyasa, waɗanda ke yini da lasifika a kan rufi, akwai ta 'yan sintiri mai manyan fitilu, akwai wadda aka sa wa ƙaramin firij don magani ko allurar dabbobi. A ƙasar Nijar kuwa, irin waɗannan motoci su ne ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, inda mutuwar batir ba ƙaramin hatsari ba ne ga rai. Kowace an ƙara mata kaya masu cin wuta, amma na'urar da ke samar da wutar tana nan yadda aka ƙera ta shekaru talatin ko arba'in da suka wuce.

Alamomin gazawa sanannu ne. Fitila takan dushe idan mota ta tsaya, ta yi haske idan an taka totur. Fankar na'urar sanyi takan rage gudu. Batir sabo ba ya shekara. Sai dai waɗannan alamomi ba su isa hujjar cewa altaneta ta yi ƙanƙanta ba. Burushin da ya cinye, da dayod guda da ta ƙone, da fambel mai santsi, da kan batir da ya yi tsatsa, duk suna kawo irin wannan. Dayod ɗaya idan ta mutu, altaneta tana ci gaba da caji, amma ta rasa kaso mai yawa na ƙarfinta, kuma gyaran bai kai rabin kuɗin sayen wata ba. Saboda haka matakin farko shi ne a tabbatar wadda ke jiki lafiyarta ƙalau, sannan a zauna a yi lissafi.

Lissafin kuwa ƙa'ida ɗaya gare shi: a raba wat da volt, abin da ya fito shi ne amfiya. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kowace suna jan amfiya 8 ko 9, idan an haɗa da na baya da na dashbod su kai 12. Waifa tana jan kamar 5. Iyakwandishan, idan an tara fankar ciki da ta gaba da abin da ke kama kwamfireso, yana iya cin 25. Injin fetur yana buƙatar 3 zuwa 5 don fulogi. Ke nan a daren damina, da fitilu da waifa da sanyi a kunne, an riga an doshi amfiya 45 kafin a ƙara komai. To a ɗora fitilun daji biyu masu wat 100, wato wasu amfiya 15. A ɗora amfilifaya da lasifika, 10 zuwa 20. A ɗora firij, 4 ko 5. An haura 75. Inbata mai wat 500 idan an cika mata kaya tana jan kusan 45 ita kaɗai, mai wat 1,000 kuwa tana dosar 100. A kan jimillar da aka samu sai a ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, domin a bar wa batir rabonsa, kuma kada na'urar ta riƙa aiki a ƙurewar ƙarfinta kullum. Yawancin motocin da ake magana a kansu, lissafinsu yakan tsaya tsakanin amfiya 90 da 120. Kaɗan ne ke da buƙatar wuce haka da gaske.

Wani lokaci lissafin yakan nuna cewa ba a ma buƙatar sauyin. Fitilar LED mai hasken da ya yi daidai da na tsohon ƙwai tana cin abin da bai kai rabinsa ba. Mai motar da matsalarsa fitilun daji ce kawai, sauya fitilun ya fi masa sauƙi da arha, kuma bai taɓa komai a jikin inji ba.

Idan kuma sauyin ya zama dole, akwai abin da lambar da aka rubuta a jikin altaneta ba ta faɗa, kuma shi ne ya fi shafar mai tuƙi a cikin Kano. Ana auna lambar nan ne lokacin da na'urar ke juyi wajen 6,000 a minti. Injin da ke silo yana juyi 650 zuwa 800 a minti, fuli kuma yana ninka wannan sau biyu ko biyu da rabi, wato altaneta tana juyi 1,300 zuwa 2,000 ke nan. A wannan gudu abin da take bayarwa sau da yawa wajen rabin lambarta ne kawai. Mai amfiya 55 tana iya ba da 30 kawai. Motar da ta maƙale a cunkoson Gyadi-Gyadi, daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da magariba, fitilu da sanyi a kunne, a kan batir take tafiya. Haka wadda ke rarrafe cikin yashi ko taɓo da babbar giya, haka mai talla da ya faka a bakin kasuwa ya bar inji yana silo lasifika tana aiki. Tambayar da ta kamata a yi wa mai sayarwa ita ce nawa take bayarwa a silo.

A nan ne wasu ke faɗawa cikin gyaran gangar Auzinawa. Ana iya kwance kwayil ɗin tsohuwar altaneta a sake naɗa shi da waya mai kauri domin ya ɗauki wuta mai yawa. Amma gurbin naɗin bai ƙaru ba, don haka waya mai kauri na nufin zagaye kaɗan, zagaye kaɗan kuma na nufin sai inji ya yi gudu sosai kafin caji ya kankama. Sakamakon shi ne na'ura mai ƙarfi a kan babban titi, wadda a silo ta fi ta da rauni. Ga shi kuma dayod da fankar sanyayawa na nan a kan girmansu na da. Abin da ya fi shi ne a samo wadda aka ƙera tun asali da babban jiki. Tun wajen shekarar 2000 kamfanin Denso ya fito da wani salon kwayil da ake jera sandunan jan ƙarfe masu kusurwa huɗu maimakon zagayayyar waya, abin da ke cike gurbin sosai, kuma irin waɗannan sun yi suna wajen caji mai kyau a silo.

Zafi ma yana da nasa kason. Jan ƙarfe yana ƙara turjiya ga wuta da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri guda da zafi ya hau. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet ya ninka haka, kuma altaneta mai zafi ba ta ba da abin da take bayarwa da sanyin safiya. Ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin da iska ke bi ta sanyaya dayod. Wannan shi ne dalilin da ya sa rarar da aka ce a bari a lissafi ba ƙawa ba ce a wannan yanki.

Wajen zaɓe, abu na farko shi ne volt. Wasu Land Cruiser da Patrol masu injin dizal sun fito da tsarin volt 24, batir biyu a jere. Altanetar volt 12 ba ta da gurbi a irinsu. Kuma amfiya 40 a volt 24 daidai take da amfiya 80 a volt 12, don haka ƙaramar lamba a jikin irin wannan ba alamar rauni ba ce. Akwai wata al'ada mai kashe batir a waɗannan motoci, wato a jona rediyo ko firij na volt 12 a jikin batir ɗaya daga cikin biyun. Wanda aka jona yana zama cikin yunwa, ɗan uwansa yana shan cajin da ya wuce kima, duka biyun su mutu da wuri. Maganin shi ne na'urar da ke sauke volt 24 zuwa 12. Land Rover da aka ƙera kafin 1967 kuwa, kan batir mai alamar tarawa shi ke haɗe da jikin mota, sai an juya wannan tsari kafin a sa mata altaneta.

Abu na biyu ya shafi rai kai tsaye, kuma shi aka fi mantawa. Injin fetur yana samar da zuƙar iskar da bustar birki ke aiki da ita. Injin dizal ba ya yi, sai an haɗa masa famfon zuƙa na musamman. A injuna da yawa na wancan zamani, famfon nan a bayan altaneta yake, sandarta ce ke juya shi, kuma bututun baƙin mai na shiga da fita a jikinsa. Haka yake a injunan 2L da 3L da 5L na Hilux, da 3B da 2H na tsofaffin Land Cruiser, da 4D56 na Pajero da L200. Wanda ya cire irin wannan ya ɗaura wadda ba ta da famfo, taku biyu ko uku birki zai yi masa da sauƙi, daga nan ya ƙage kamar dutse. Mota mai nauyin tan biyu ɗauke da buhunan shinkafa ba ta tsayuwa da ƙarfin ƙafa kaɗai a tazarar da direba ya saba. Don haka ko dai a nemo babbar altaneta mai famfonta, ko a haɗa famfon zuƙa na lantarki da ɗan tankinsa, a kuma toshe hanyoyin baƙin mai yadda ya kamata. Injin 1HZ mai lita 4.2, wanda ya fito a 1990 kuma ya cika Land Cruiser ƙirar 70 da 80, ba shi da wannan matsala, domin famfonsa a jikin inji yake.

Na uku shi ne wayoyin soket. Tsofaffin motoci regiletarsu a waje take, cikin wani ɗan akwati a jikin bodi, sababbin altaneta kuwa tasu a ciki take. Dole mai wayarin ya cire tsohuwar daga layi ya sake haɗa wayoyin: ta makulli, da ta fitilar caji, da wadda ke jiyo ƙarfin batir idan akwai ta. Fitilar cajin nan ta dashbod ba don gargaɗi kawai take ba. A ƙira da yawa ta cikinta 'yar wutar farko ke bi ta tayar da maganaɗisu, shi ya sa idan ƙwan ya mutu, ko aka musanya shi da LED, caji ba ya farawa sai an taka totur sosai, wani lokaci ma ba ya farawa sam. A wasu motocin dizal kuma agogon juyin inji daga altaneta yake karɓar saƙo, don haka sauya ta ko sauya girman fuli yana sa ya daina aiki ko ya riƙa faɗin ƙarya. Sannan a yi hattara da altanetar motocin zamani, waɗanda kwamfutar mota ce ke ba su umarnin yawan cajin da za su yi. A tsohuwar motar da ba ta da kwamfuta, irin waɗannan sukan tsaya a caji mai rauni ko su ƙi yi. Mai sauƙin soket, ta motocin shekarun 1990 zuwa farkon 2000, ita ta fi dacewa.

A Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa ce matattarar kayan mota, kuma a can ake samun iri biyu: 'yar Beljiyam, wadda aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje, da sabuwa fil a kwali. Ta farko, idan asalin Denso ce ko Bosch ko Mitsubishi ko Hitachi, sau da yawa ta fi ƙarko, muddin an duba boris da burushi an sauya su kafin a ɗaura. Sabuwa marar suna kuwa takarda ce kawai aka manna mata, kuma takarda ba ta ƙin lamba. Nauyi da faɗin jiki sun fi rubutu faɗin gaskiya, domin wuta mai yawa tana buƙatar jan ƙarfe mai yawa. Kyakkyawan ciniki shi ne wanda aka yi da sharaɗin gwaji a jikin mota da damar mayarwa. A kuma tafi da tsohuwar a hannu, a gwada ƙafafun ɗauri da tazararsu, don mazaunin da aka yi wa walda a karkace shi ke cinye fambel.

Fambel shi ne gaɓa ta gaba. Altanetar da ke ba da amfiya 100 a volt 14 tana fitar da wat 1,400, kuma da yake kusan rabin ƙarfin da take karɓa yana tafiya a zafi, tana jan abin da ya kai ƙarfin doki uku da rabi daga inji. Duk wannan ta siririn fambel ɗaya zai bi. Tsohon fambel guda yakan fara zamewa idan an doshi amfiya 90 zuwa 100. Alamarsa ƙara mai tsini da safe, da baƙar ƙura a gaban altaneta. Ɗaure shi tamau ba magani ba ne, boris ɗin altaneta da na watafam ne za su biya. Daidai ɗauri shi ne wanda idan an danna tsakiyarsa da babban yatsa zai lotsa kamar santimita guda. Motar da ta fito da fambel biyu a jere, kamar mai injin 1HZ, ta huta, sai dai a sauya su tare. Sababbin altaneta sukan zo da fuli mai layi-layi, wanda dole a musanya shi da irin na tsohon fambel, kuma ya zauna a layi ɗaya da na inji. Ƙaramin fuli yana ƙara caji a silo, amma yana rage wurin da fambel ke kamawa, don haka ba a wuce gona da iri.

Sai waya, inda mafi yawan gobarar irin wannan aiki ke tashi. Wanda ya sa babban injin burtsatse ya bar siririn bututun da, ya san abin da zai biyo baya. Wayar da ta tashi daga bayan altaneta zuwa batir an auna ta ne da amfiya 50, ga shi ta shekara talatin tana shan zafi da mai. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta: idan wuta ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Don amfiya 100 zuwa 120 ana buƙatar waya mai kaurin murabba'in milimita 25, ko aƙalla 16 idan tazarar gajera ce ƙwarai. Wutar da ta tafi kuma sai ta dawo, saboda haka wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da wadda ta haɗa inji da shasi, su ma a ƙara musu kauri daidai da haka, a kankare fenti da tsatsa a inda za a ɗaure su. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam yana ɗaukar kamar kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka. Ana gane ta da rashin nauyi, kuma idan an kankare silinta da wuƙa fari ke bayyana.

Sabuwar wayar tana buƙatar fiyus, kuma a kusa da batir, kamar tazarar taƙi guda, domin idan ta goge ta taɓa ƙarfe, batir ne zai zuba ɗaruruwan amfiya a cikinta. Ga altaneta mai amfiya 120, fiyus mai 150 ya yi. Ɗaura silin waya a gurbin fiyus ya zama ruwan dare a garejoji, amma a wannan layi yin haka sayar da mota ne ga wuta. Wasu tsofaffin Land Rover da Land Cruiser kuma suna da agogon amfiya a dashbod, wanda duk cajin ke ratsawa ta cikinsa kafin ya isa batir. An yi shi ne don amfiya 30 ko 50. Dole a kewaye shi, a kai sabuwar waya batir kai tsaye, a sa agogon volt a madadinsa.

Masu mota da yawa suna tsoron babbar altaneta za ta dafa batir. Ba ta dafawa, domin regileta ce ke tsayar da volt, kayan wuta kuma abin da suke buƙata kawai suke ja. Abin da ke dafa batir shi ne lalatacciyar regileta, wadda ke barin caji ya haura volt 15. Akasin haka ma ya fi faruwa: batirin da ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa yana jan wuta ba ƙaƙƙautawa har ya ƙona sabuwar altaneta. Winci kuwa, wanda ke iya jan amfiya 300 zuwa 400 idan mota ta kafe sosai, babu altanetar da ke ciyar da shi. Batir ne ke yi, ita kuma ta mayar masa daga baya. Mai firij ko lasifikar da ke aiki inji a kashe, batir na biyu yake buƙata, da rile mai raba su idan inji ya tsaya, don na tayar da mota ya zauna a cike. Batirin litiyam irin na sola ba a jona shi kai tsaye, yana iya zuƙe duk abin da altaneta ke da shi na tsawon lokaci har ta ƙone, sai an sa masa caja ta musamman a tsakani.

Game da mai, babbar altaneta ba ta ƙara sha don girmanta kawai, sai gwargwadon wutar da aka ja. Amma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane ƙarfin doki yana da farashi. Barin inji mai lita huɗu yana silo don inbata ta haska gida asara ce idan an kwatanta da ƙaramin janareto, kuma hayaƙinsa a rufaffen gareji ko zaure yana kisa ba tare da wari ya yi gargaɗi ba.

Bayan an gama ɗauri sai gwaji, kuma da mita ake yin sa. Tsohuwar dabarar cire kan batir inji yana aiki, don a ga ko zai mutu, gadon zamanin dainamo ce. A altaneta, cirewar tana sa volt ya yi tsalle zuwa ninki da yawa cikin ƙiftawar ido, ya ƙona dayod da regileta da rediyo. Gwajin gaskiya shi ne a bar inji ya yi zafi, a kunna duk kayan wuta, a auna kan batir a silo. Idan ya tsaya a volt 13.5 ko sama, aiki ya yi. Idan ya sauka ƙasa da 13, har yanzu batir ake ci. Sannan a auna tsakanin bayan altaneta da kan batir: bambancin da ya wuce rabin volt yana nuna waya ko mahaɗa ba ta da kyau. Mitar da ake maƙala wa waya ita ke nuna ainihin amfiyar da ke fita, kuma da ita ake gane ko lambar da aka saya gaskiya ce. Bayan 'yan kwanaki a sake duba ɗaurin fambel, domin sabo yana saki. Motar da ta ratsa taɓo a wanke altanetarta da ruwa marar ƙarfi bayan ta huce, kafin laka ta bushe a kan burushi. Mai famfo a baya kuma a riƙa duba ta, saboda idan robar da ke tare baƙin mai ta saki, man yana shiga cikin kwayil ya haɗu da ƙura ya toshe hanyar iska.